Fuskar Malam

Jugu, 16 ga Afrilu 1967

Zuwa ga ƙanena Labaran, mai fentin kamiyo, manyan motocin kaya, a Gar, tashar jirgin Faraku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai sukari da sabulun da ka ba Hadi direba sun iso. Layya uku ke nan tun rasuwar Malam kana aiko da sabulu, kai ba ka zuwa. Inna ta ce in tambaye ka ko an gaya maka dauɗa ce ta dame mu.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba, idon Inna ne. Yanar ido ta rufe na hagu ruf, na dama ma ya soma. Daga bakin ƙofa da tsayina take gane ni, sai na matso kusa cikin rana take ganin fuskata. Baffa Sammani, tun da ya gaji makarantar Malam, kowace Juma'a yana aiko mata da rubutun ido a allo. Ta wanke a 'yar ƙwaryarta, ta sha rabi, ta shafa rabi. Ba ta taɓa fashi ba, yanar ma ba ta fasa ba.

Shekaranjiya ina tsakar gida ina yayyafa wa goro ruwa ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Zuwaira, na manta fuskar ubanku." Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Sai na ga hawaye. Ta ce muryarsa na nan, tarinsa na asuba na nan, har ƙarar takalminsa a zaure tana ji, amma in ta nemi fuskar sai ta ga rawani ba kowa a ciki. Shekara arba'in da ɗaya suna tare. Ka san kuma Malam bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko da aka matsa masa a kan katin shaidar wata tafiya, fasa tafiyar ya yi. Na juye akwatinsa kaf, ba abin da zan nuna mata.

Saura kai. Ka zana mata shi kafin na daman ya rufe. Na san abin da ya faru tsakaninku a zaure, ina nan aka yi. Amma wanda ya zana zakin nan a bayan kamiyon Alhaji Awwalu, wanda jakunan kasuwa ke kauce wa har yau, ba zai ce mini fuskar ubansa ta gagare shi ba.

Ka gaida mutanen Zongo. Wassalam.

Yayarka, Zuwaira

Faraku, 29 ga Afrilu 1967

Zuwa ga Yaya Zuwaira.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, ina gaida Baffa. Takardarki ta same ni ina ƙarƙashin wata kamiyo, a nan na karanta ta, na kuma daɗe ban fito ba.

Yaya, zakin nan wata biyu kafin rasuwar Malam na yi shi, shi ne kuma abu na ƙarshe da na zana. Na ɓoye muku, shi ya sa sabulu ke zuwa ni ba na zuwa. Tun ranar da Hadi ya tare ni a bakin Gar ya ce jiya aka binne Malam, hannuna na dama ya daina jin maganata. Ina cin tuwo da shi, ina ɗaga gwangwanin fenti da shi, amma da na tsoma buroshi sai ya kama rawa kamar na mai zazzaɓi. Yanzu aikina goge tsatsa da shafa farin fenti, sannan Usuman ɗan Kandi ya zo ya zana a kai. Usuman ɗin da nake yi wa dariya don zakunansa sun fi kama da tumaki. Ni ke riƙe masa tsani.

Kin ce kina nan ranar zaure. Kina nan, amma ta bayan asabari kika gani. Ina ɗan shekara goma sha bakwai, na gama zayyanar allon saukar wani ɗalibi, tawada ta ragu a kurtu. Malam na zaune yana duba littafi, sai na juya allona na zana shi. Da ya ɗago ya miƙo hannu, na ba shi. Ya duba, ya duba, har aka kira la'asar. Bai zage ni ba, bai ɗauki dorina ba. Ya shiga cikin gida da allon, ya fito da shi a wanke yana ɗigar ruwa, ya jingina shi da bango. Har na bar Jugu da allon a jakata bai ce mini uffan a kai ba. Da ya doke ni da na san iyakar laifina. Na yi ta cewa wata rana zan zo in durƙusa in nemi gafara, ban zo ba har aka binne shi.

Fuskar kam ba ta ɓace mini ba, ita ce ma ta hana ni sakat. Tabon girarsa ta hagu inda jaki ya harbe shi a hanyar Gwanja yana yaro, gemun da ya karkace don yawan jan da yake masa in yana tunani, duk suna nan. Da na ɗaga buroshi sai in gan shi ya miƙo hannu. Inna tana nema ta rasa, ni ina da ita na kasa ba ta, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Kada ki sa mata rai. Na gaishe ku.

Ƙanenki, Labaran

Jugu, 6 ga Mayu 1967

Labaran,

Gaisuwa da fatan alheri. Shekara uku kana riƙe wa mai tumaki tsani ba ka faɗa ba. Allah ya shirye ka. Na yi kuka a kan takardarka, na share hawaye, yanzu faɗa zan yi maka.

Hannun da ke kai tuwo baki bai mutu ba. Kana zaune a garin da jirgin ƙasa ke tsayawa, garin da ake da lokotoro, likitan asibiti, fiye da ɗaya, ka rungume hannu kana jiran wa? Ka je a duba ka. In allura ce a yi maka, in kuma ba ta allura ba ce su faɗa mu san inda muka dosa. Jiya na miƙa wa Inna goro a tafin hannu, sai da ta lalubo shi. Ba ni da lokacin lallashinka.

Ka huta lafiya.

Yayarka, Zuwaira

Faraku, 27 ga Mayu 1967

Zuwa ga Yaya Zuwaira.

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, na bi umarninki don tun ina yaro ban taɓa cin riba a gardama da ke ba.

Akwai wani lokotoro a bayan Gar, sunansa Hunsu, Mushe Hunsu ake ce masa a bakin Faransanci, mutumin kudu ne, Kirista. Ya yi aiki shekara shida a Damagaram, Hausarsa irin tasu ce. Ya cika kofi da ruwa ya ce in riƙe, na riƙe ko ɗigo bai zuba ba. Ya karɓa ya ba ni biro ya ce in zana masa kaza. Biron ya faɗi ƙasa. Ya ce hannuna lafiyarsa ƙalau, maganar wani yake ji ba tawa ba. Ya san zakin Alhaji Awwalu, wai ya taɓa bin kamiyon a baya tun daga Ndali don kawai ya ƙare masa kallo. Ya ce ba shi da ƙwaya ko allura ta wannan ciwo, amma akwai wani aiki da ya koyo a Dakar, suna ce masa ipnoz.

Ga yadda ake yi, tunda na san za ki tambaya. Ba turare, ba garaya, ba a kiran sunan kowa. Ina zama a kujera in zuba wa wata ƙusa ido a bango, shi kuma yana magana a hankali, yana ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Kafin ya kai uku idona ya yi nauyi. Ba barci ba ne, don ina jin kukan jirgi da masu tallan doya, sai dai kamar daga wata unguwa. A nan yake tambayata inda hannuna ya fi jin daɗi a duniya. Na ce a zaurenmu, ina zayyana da ja da rawaya. Ya ce in zauna a can. Ya yi ta maimaita mini cewa hannun nawa ne, ba wanda zai karɓi abin da ya yi. Da ya farkar da ni na ga takarda a cinyata, da da'ira a kai wadda ko da bakin ƙwarya aka zagaya iyaka ke nan.

Zuwa na biyu na zana kazar. Na uku na zana masa tashar jirgi da mutane a tsaye, amma duk sun ba da baya. Ya lura, ni ban lura ba. Zuwa na huɗu ya ba ni buroshi ya ce yau fuska. Yaya, ko a cikin barcin hannun ya ƙage. Na farka ina kuka, ƙato da ni, a gaban baƙo.

Ya ce haka abin yake, a hankali ake yi. Maganarsa da daɗi, amma ina fita daga wurinsa tsatsa nake komawa gogewa, hannun kuma yana nan yadda yake. Ina tsoron kaza kawai zan iya kawo wa Inna.

Na gaishe ku da kyau.

Labaran

Jugu, 5 ga Yuni 1967

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Takarda ta fito daga hannun Malam Sammani ɗan Malam Ibrahimu zuwa ga ɗanmu Labaran. Gaisuwa da yarda da aminci.

Amma bayan haka, fatake daga Zongon Faraku sun shaida mana cewa kana zuwa wurin wani mutum wanda ba ya salla, yana kwantar da hankalinka yana zuba maka magana a kunne alhali ba ka cikin hayyacinka. Hankali amana ce, ba a ba wani ajiyarsa. Idan ciwo ne da kai, gidanku gidan rubutu ne, ka zo a yi maka. Muna kuma fatan ba tsohon halin nan na zanen sura ne ya motsa ba. Yayana ya wanke shi da hannunsa sau ɗaya. Muddin ina raye ba za a shigo da surar mai rai gidansa ba, balle tasa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka. Haza wassalam.

Jugu, 6 ga Yuni 1967

Labaran,

Ina gaishe ka. Takardar Baffa na cikin ƙunshi ɗaya da tawa, na ga lokacin da yake rubuta ta, fuska a ɗaure kamar an ce masa goro ya ƙare a duniya. Ka karanta da ladabi, ka ba shi amsa da ladabi, ka ci gaba da zuwa wurin lokotoronka. Wanda ya yi kaza zai yi fuska.

Saboda Baffa ban gaya wa Inna zane za ka yi ba. Ka san ta, ba ta iya ɓoye masa ko tari, duk ranar da ya shigo gaishe ta sai ta zazzage masa abin da ke cikinta. Na dai ce mata kana can kai da wani babban masani kuna haɗa mata maganin abin da ke damunta. Ta yi ta sa maka albarka. In ya iso ni zan karɓa, in fito da ita bayan rumbu da hantsi, inda rana ta fi ƙarfi, in nuna mata mu biyu.

Ka yi sauri. Yanzu sai na kusa haɗa goshi da ita take cewa ta ga idona.

Yayarka, Zuwaira

Faraku, Alhamis 6 ga Yuli 1967

Zuwa ga Yaya Zuwaira.

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya, an yi.

Sau biyar muna gwada fuska da buroshi da fensir, ba abin da ya fito. Sai Mushe Hunsu ya tambaye ni da me na yi na farkon, na zaure. Na gaya masa. Ya ce to me ya sa muke wahalar da kanmu da kayan Nasara, in kawo allon nan, da alƙalamin kara, da tawada irin ta gida. Na kankare baƙin tukunya na dafa da ƙaro da kaina, na fiƙe kara. Ya kawar da kujerar ya shimfiɗa mini buzu a ƙasa. Da ya ƙirga na nutse, sai ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kana ɗauke da fuskar nan a ka. Sauke ta a kan allon ka huta."

Ya ce tun hantsi nake yi har aka kira azahar, ban ɗago ba. Ni ban san an yi haka ba. Na buɗe ido kawai na ga Malam a cinyata. Tabon girar na nan, gemun ya karkace, ya ɗan runtse ido irin na lokacin da ɗalibi ya kusa kuskure yana jira ya gyara da kansa. Ba fushi a fuskar, Yaya. Ban san daga ina hannuna ya samo ta haka ba. Lokotoro ya cire tabarau ya goge. Ya ɗauko abin ɗaukar hotonsa ya roƙe ni ya ɗauka ko sau ɗaya. Na hana. Na ce mutumin da bai tsaya wa mai hoto ba yana raye, ba ni zan tsayar da shi ba bayan ransa.

Na so in shafa masa man da muke rufe fenti da shi, amma tawadar gida ba ta jure danshi, hannun kuma ya koma rawarsa tun kafin in fita ƙofa. Na naɗe shi da farin ƙyalle da buzu, na ba Hadi, na ce ya sa a gaba kusa da shi saboda damina. Ki kula da kyau, kada ruwa ya taɓa shi ko ɗigo. Ko da jiƙaƙƙen yatsa kada a shafa.

Da la'asar na gwada a jikin wata kamiyo, ko ganye na kasa zanawa. Ban damu ba. In wannan ɗaya ne rabona a duniya, ya ishe ni. Ki rubuto mini duk abin da ta ce, kada ki rage ko kalma.

Ƙanenki, Labaran

Jugu, 8 ga Yuli 1967

Labaran,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso jiya Juma'a. Inna ta yi murna ƙwarai, tana ta sa maka albarka. Allon yana ɗakinta, ba ta yarda ya yi nisa da ita. Aiki ya yi mini yawa, zan rubuto da tsawo in na samu sarari.

Wassalam.

Zuwaira

Faraku, 21 ga Yuli 1967

Zuwa ga Yaya Zuwaira.

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ke da kike cika takarda biyu a kan sabulu, yau layi huɗu kika ba ni a kan Malam? Hadi ya zo sau biyu hannu wofi. Ta gane shi da kanta ko sai da kika faɗa? Ta ga tabon? Ko na ɓata wani wuri ne kike jin nauyin gaya mini? Ki faɗa, zan iya ɗauka.

An yi wa Mushe Hunsu canjin wurin aiki ba zato, ya bi jirgin Litinin zuwa Kwatano, daga can wai ƙasar waje za a tura shi ƙarin karatu. Kafin ya tafi ya ce yana da sauran kwana uku, in akwai abin da zan sake yi in zo. Na nuna masa takardarki, na ce Inna ta gani ta yi murna. Ya ce to aikinsa ya ƙare. Ni na ɗaukar masa akwati har cikin jirgi.

Ina jiran amsarki.

Labaran

Jugu, 25 ga Yuli 1967

Zuwa ga ƙanena Labaran.

Assalamu alaikum. Na fara wannan takarda sau uku ina yagewa. Ka karanta a zaune.

Ranar da Hadi ya iso ba na gida, na tafi gaisuwar mutuwa gidan su Memuna, ruwa ya tsare ni a can. Hadi ya yi sallama, ya miƙa wa Inna ƙunshin har ɗaki, ya ce ga saƙon Labaran, ya ajiye takardarka a kan tabarma ya wuce. Inna ta kwance buzun. Ta ji ƙanshin tawada. Ta shafa ta ji allo ne, har ta gane shi da ɓallin da ke wuyansa, ta ce wannan ai na gidan nan ne. Ranar Juma'a ce, ranar rubutunta. Ni kuma da bakina na ce mata magani za ka aiko. Wa ke fita da rubutu rana don ya duba shi, balle wadda ba ta karatu? Ta jawo ƙwaryarta ta yi bisimilla.

Na shigo na tarar da ita tana shafa sauran ruwan a ido, baƙi-baƙi yana gangarowa a kumatunta, tana murmushi. Allon na jingine da bango yana ɗiga. Ta ce mini wannan rubutun ya fi na Baffa kauri, da gani masanin ba ya rowar tawada. Na ɗauki takardarka na karanta a tsaye, na kai inda ka ce ko ɗigo. Ban san yadda na fita daga ɗakin ba.

Ba wanda ya gan shi a Jugu, Labaran, ko ni. Na kai allon rana na juya shi ta kowane gefe, ba abin da ya rage sai ɗan duhu a gefen ƙasa.

Abin da na rubuto maka washegari ba ƙarya ba ne, amma ya fi ƙarya muni. Na ce bari in samu bakin da zan gaya maka, kwana ɗaya ya zama bakwai, bakwai ya zama sha bakwai. Da na faɗa a ranar, da lokotoronka yana nan. Ni na ce mata magani, ni na yi shiru, duka biyun nawa ne. Ban ce ka yafe mini yanzu ba.

Na ba Hadi allon ya maido maka. Ka ce mutumin ya yi ta gaya maka hannun naka ne. Ka gwada kai kaɗai, don Allah. Har yanzu tana gane haske da inuwa, in an yi baƙi sosai a kan fari wataƙila ta gani.

Yayarka mai laifi, Zuwaira

Faraku, 12 ga Agusta 1967

Yaya,

Na gaishe ki. Allo ya iso. Ban riƙe ki a zuciya ba. Ni ma an roƙe ni a ɗauki hotonsa na hana, ina jin kaina wani mai tsoron Allah.

Na gwada. Na buga ƙusa a bangon ɗakina, na shimfiɗa buzu, na dafa sabuwar tawada. Ina ƙirgawa daga goma in kai ɗaya, ba abin da ke nauyi sai zuciyata. Na roƙi Usuman ya zauna ya ƙirga mini da Faransanci, ya kai shida dariya ta ƙwace masa, daga baya ya ba ni haƙuri. Na je asibitin, wanda ya maye gurbin ya ce shi bai san wannan aiki ba, ya rubuta mini ƙwayar barci. Na aika takarda Kwatano, ba amsa.

Kwana goma sha huɗu kullum da hantsi ina zama. Abin da ke kan allon ɗigo-ɗigon tawada ne inda alƙalami ya yi rawa. Na wanke na sake har itacen ya soma kumbura. Akwai kuma wani abu da ban gane ba tukuna, ba zan rubuta shi ba sai na tabbata.

Ki gaida Inna.

Labaran

Jugu, 28 ga Agusta 1967

Zuwa ga ƙanena Labaran.

Bayan gaisuwa, ka ajiye alƙalamin. Idon ya rufe ranar Laraba. Ta tashi da safe ta tambaye ni me ya sa gari ya ƙi wayewa.

Kullum tana tambaya yaushe za ka sake aiko da rubutun nan mai kauri, har na kasa. Jiya na zauna na gaya mata komai, tun daga lokotoro har ƙwarya. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Ashe Malam na sha." Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Sai ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ranar zaure, da Malam ya shigo da allonka, ɗakinta ya shiga. Ya nuna mata ya ce ta dubi abin da yaron nan ya yi, ko madubi iyaka. Ta ce sun daɗe suna kallo su biyu. Ya ce ba zai iya barinsa ba, ɗalibai na gani, mutanen gari na ji. Ya wanke a ƙwaryar nan tata. Da ta miƙa hannu za ta zubar, ya hana, ya ce aikin hannun ɗansa ba zai bi rariya ba. Ya shanye. Ya kuma ce kada ta gaya maka, don in ka ji ba za ka daina ba. Ta riƙe masa har jiya.

Yanzu abu ɗaya take so. Ta ce tunda kai kaɗai ka gani, ka zo ka zauna kusa da ita ka faɗa mata da baki, daga rawani har gemu, a hankali, ita za ta haɗa a ranta. Wannan ba ya bukatar hannu. Ka zo, Labaran.

Yayarka, Zuwaira

Faraku, 4 ga Satumba 1967

Yaya Zuwaira,

Na gaishe ki. Na karanta abin da Malam ya yi. Da na ji shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Ina tafe ranar Alhamis a motar Hadi. Na bar wa Usuman buroshina.

Abin da na ce ba zan rubuta ba sai na tabbata, na tabbata. Tun ranar da aka ce in sauke fuskar a kan allo, ta sauka. Na san akwai tabo a girar hagu, na san gemun ya karkace, amma sani ne kawai irin na wanda aka ba labari. In na rufe ido rawani nake gani ba kowa a ciki.

Zan zauna kusa da ita in faɗa mata abin da na rubuto miki a watan Afrilu. In takardar tana nan ki ajiye mini ita, in sake dubawa kafin in shiga ɗakin. Kada ki gaya mata.

Sai na iso.

Ƙanenki, Labaran